Neman Ɗakin Malik a Bagadaji

Tafiyar ta Yaya ce, ni rakiya na yi. Shi ɗan Kantin Kwari ne, shadda ce sana'arsa, kuma sau biyu a shekara yakan nausa Bamako ya saro rinanniya, irin wadda matanmu ke kira galila. A watan Disambar 2017 yaron da ke bin sa ya kwanta zazzaɓi, mu kuma an ba mu hutun makaranta, sai Yaya ya ce in zo in riƙe masa jaka in yi gadin dila. Na ce na yarda, amma kwana biyu daga cikin kwanakin da za mu yi can nawa ne, ba ruwana da shadda a cikinsu.

"Na yin me?"

"Akwai ɗakin wani mai hoto da nake son gani."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Masu hoton Kano sun ƙare ne, Malam?"

Malam yake ce mini in zai yi mini shaƙiyanci. Ban ba shi amsa ba, don amsar doguwa ce, kuma shi ma yana cikinta.

Muna da kawu, ƙanen Inna, mai hoto ne a Fagge tun wajen lokacin da aka samu 'yancin kai har idonsa ya yi rauni. Ya rasu ina aji uku a firamare. Da aka zo share ɗakinsa, magada suka raba abin da suke ganin dukiya ne: rediyo, keke, agogon bango. Wani akwatin ƙarfe kuwa ba wanda ya kula shi, aka jingine shi a zaure. Cike yake da baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa, wanda muke kira dodon hoto, don in ka ɗaga shi ga rana sai ka ga mutum da farar fuska da baƙaƙen haƙora. Mu yara abin nema ya samu. Yaya ne ma ya koya mana mu huda kwali mu haska tocila ta baya mu yi majigi. Ni da hannuna na riƙa ƙyasta wa wasu ashana don in ga yadda suke naɗewa. Abin da ya rage, damina ta ƙarasa shi. Angwaye, 'yan makaranta, 'yan dambe, ma'aikatan reluwe, matan da suka ci ado ranar sallah, Fagge ta shekara ashirin, muka ƙone ta muna ƙyalƙyala dariya.

Sai da na girma na ci karo da hotunan wani mutumin Mali, Malik Sidibe, a intanet, sannan akwatin nan ya dawo ya zauna mini a ƙirji.

Hanyar ta haura kilomita 2,000, ba zan gajiyar da ku da ita ba. Katsina, Jibiya, Maraɗi, Ƙonni, Doso, muka kwana Yamai. Daga nan babbar bas ta ɗebe mu ta Fada Ngurma zuwa Wagadugu, Bobo Julaso, muka shiga Mali ta Sikaso. Shingaye kuwa ba a magana. A wani, wanda ba zan faɗi na wace ƙasa ba ne, aka riƙe katin rigakafina wai hatiminsa bai fito ba, da na ɗora jaka biyu ta sefa a kai sai ga shi ya fito raɗau. Garin da na riƙe a hanyar shi ne Buguni, mai jar ƙasa da itatuwan mangwaro, inda muka tsaya la'asar. A nan Malik ya yi makaranta. Ƙauyensu, Soloba, yana kudu maso yamma, wajen Yanfolila a ƙasar Wasulu, dab da iyakar Gini. Bafulatani ne, da kiwo ya fara, kuma tun yana yaro ya rasa idonsa na hagu. Wanda daga baya aka yi wa laƙabi da "idon Bamako", ido ɗaya gare shi.

Cikin dare muka sauka tashar Sogoniko, don haka sai da gari ya waye na ga birnin. Kogin da muke kira Kwara, su Joliba suke ce masa, ya raba shi biyu, ga faɗi, ga duwatsu sun yi wa gari kara ta arewa, fadar shugaban ƙasa tana bisa ɗaya, Kuluba. Muka hau koriyar motar nan tasu, sotarama, wadda aka cire wa kujeru aka kewaye cikinta da benci, muka haye gada. Babura kamar fari. Abin da ya fi ɗaukar idona mata ne, manya, da babbar riga ta shadda tana ƙyalli, ɗankwali ya tashi sama, suna tuƙa babur ɗinsu da kansu ba wanda ya ko waiwaye su.

Mai masaukinmu, wanda su suke kira jatigi, dattijo ne ɗan Tawa, albasa ta kawo shi shekara talatin da wani abu ya zauna. Ɗansa na uku, saurayi mai Hausa da Bambaranci da Faransanci a baki, shi aka haɗa ni da shi. Ranar farko ma ya cece ni daga kunya. Mai ƙosai ta ce "keme", ya ce mini ɗari ke nan, na miƙa mata sefa ɗari, ta dubi kuɗin ta dube ni. Ashe lissafinsu irin na mutanen Maraɗi ne, biyar-biyar ake ƙirgawa, ɗarinsu dala ɗari ce, sefa 500.

Sannan a Bamako ba a barin baƙo ba sunan dangi. Kowa ka gaisa da shi sai ya tambayi jamunka. Da na ce Bahaushe ne ni amma Inna Bafulatana ce, sai aka ce to in zaɓa: Jallo, Jakite, Sidibe ko Sangare. Kun san wanda na ɗauka. Ban rufe baki ba wani maƙeri da ke gefe ya miƙe ya ce alhamdu lillahi, bawansa da ya ɓace ya dawo. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari a wurinmu, a can tsakanin Fulani da maƙera yake, kuma ba su san gajiya da shi ba.

Kwana uku na yi wa Yaya bauta. Gidajen mata masu rini, hannuwa cikin safar roba har gwiwar hannu, manyan baho-baho suna tururi, shadda shanye kan igiya da katanga launi-launi. Rumfunan masu bugu, biyu-biyu suna fuskantar juna da taɓarya kan gungume, sak na Ƙofar Mata, har amon ɗaya ne. Ciniki, shayi, ciniki. Ran Asabar na ce yau tawa ce.

Bagadaji tsohuwar unguwa ce a tsakiyar gari, kusa da babban masallaci da majalisar dokoki. Matambayi ba ya ɓata, a nan kuwa tambaya ɗaya ta isa. Wani yaro mai gyaran babur ya nuna da sifana ko ɗagowa bai yi ba. Na ƙudurta zan ga wani katafaren gini, tunda mai ɗakin ya karɓi lambar Hasselblad, babbar lambar yabo ta masu hoto, a 2003, kuma a 2007 an ba shi Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na Venis, shi ne mai hoto na farko kuma ɗan Afirka na farko da aka ba shi don aikin rayuwarsa. Sai ga wani ɗan shago a bakin titi mai ƙura, wanda bai fi na telan unguwarmu ba, an rubuta Studio Malick. Ya rasu ranar 14 ga Afrilun 2016, 'ya'yansa ne ke buɗe wurin.

Na yi sallama na shiga, sai da idona ya saba da duhun. Kantoci har rufi, an jera tsofaffin kyamarori gwanin yawa, ƙura ta yi musu hula. Ba duka nasa ba ne. Da hoto mai launi ya shigo, kasuwar fari-da-baƙi ta faɗi, Malik ya koma gyaran kyamara, wasu masu su kuma ba su dawo karɓa ba. Can ciki ga labule mai ratsin fari da baƙi, ga daɓe mai gida-gida, ga kujera. Wannan kusurwar da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba na sha ganinta a hotuna, har na ji kamar na shigo ɗakin da na taɓa kwana.

Amma abin da ya tsayar da ni kwalaye ne. Kwalayen takardar hoto, an ɗora wani kan wani, kowanne an rubuta masa shekara da wata a gefe da hannu. Dodannin hoto ne a ciki. Na tsaya ina karanta shekarun kamar mai karanta allunan maƙabarta, har ɗan rakiyata ya taɓa ni ya ce, "Yaya, lafiya?"

Labarin mutumin gajere ne in za a taƙaita. Iya zane ya kai shi makarantar masu sana'ar hannu ta Bamako a 1952, lokacin ƙasar tana Sudan ta Faransa. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya nemi ɗalibin da zai ƙawata masa shago, aka tura Malik, daga nan ya zama yaron gida. A 1956 ya sayi kyamararsa ta farko, ƙaramar Brownie. Maigidan yana zuwa bukukuwan Turawa, yaron yana zuwa na 'yan ƙasa. Mali ta samu 'yanci ranar 22 ga Satumbar 1960, a 1962 ya buɗe wannan ɗakin. Garin a lokacin bai kai mutum dubu 200 ba, kuma samari sun cika shi, kowace unguwa da ƙungiyoyinta, kowace ƙungiya da sunan da ta aro daga rediyo ko sinima: wannan Sputnik, waccan Las Vegas. Daren Asabar kowa da shagalinsa a tsakar gidan wani. Malik sai ya hau keke da kyamara a wuya, ya leƙa wannan, ya leƙa wancan, wani daren wuri huɗu ko biyar, ya koma ɗaki ya kwana wanki. Kafin samari su farfaɗo ya manna ƙananan hotunan a jikin kwali mai ninki irin fayil ɗin ofis, kowanne da lambarsa, an rubuta sunan ƙungiya da kwanan wata. Mai so ya zo ya duba, ya faɗi lamba, a wanke masa nasa.

Aka fito mini da irin waɗannan kwalayen guda biyu. Hotunan ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba, sai ka sunkuya. Da farko mutanen na kalla: yaro da tabarau baƙi cikin tsakar dare, yarinya da guntuwar riga amma ga ɗankwali an kafa shi daram, wani ya ɗaga faifan garmaho sama kamar wanda ya ci kofi. Mawaƙin Amurka James Brown ne sarkinsu a waɗannan shekarun. Daga baya sai idona ya koma gefe-gefe, inda mai hoton ma ba don su ya ɗauka ba. Katangar ƙasa da ruwa ya zaizaye. Wayar lantarki da aka jawo daga maƙwabta aka rataya wa ƙwai ɗaya. Kwalaben lemo a ƙarƙashin kujera. Wani ƙaramin yaro a bakin ƙofa, an kore shi ya kwanta ya ƙi, ya leƙo da rabin fuska. Takalmin da aka goge har ya gaji. A nan garin yake. Littafin tarihi zai gaya maka abin da shugaban ƙasarsu na farko, Modibo Keita, ya faɗa a shekarar, ba zai gaya maka irin bokitin da ake sanyaya lemo a ciki ba.

Hotonsa da ya fi shahara na 1963 ne, sunansa da Faransanci Daren Kirsimeti, mujallar Time ta sa shi cikin hotuna 100 da suka fi tasiri a duniya. Saurayi da kwat mai haske, budurwa da riga mai haske, ƙafarta ba takalmi, sun sunkuyar da kai goshi na neman taɓa goshi, dukansu ƙafafunsu suke kallo. An ce wa ne yake koya wa ƙanwarsa rawa. Da na ji haka sai na gane abin da ya sa hoton ba ya ba ni kunya: natsuwar da ke cikinsa ta masu ƙirga taku ce.

Na san wani zai ce me ya kai malamin makaranta yaba hoton rawa. Ban ce a tashi a taka ba. Amma iyayen namu da muke gani da carbi, ba da furfura aka haife su ba, kuma ina da yaƙinin akwatin Kawu ma ba hoton masu zuwa Makka kaɗai ne a ciki ba.

Kafin in fita na zauna a kujerar. Ɗan marigayin ya zo ya kama haɓata da yatsa biyu ya karkata ta, ya ja kafaɗata baya, ya gyara mini zaman hula, ya koma ya sunkuya kan kyamara. Ya faɗi wata magana da Bambaranci, 'yan zaman ɗakin suka fashe da dariya, ni ma na yi ba tare da na ji ba, nan take walƙiya ta tashi. Aka ce in dawo ran Talata.

Na fito da zafina. Na ce ni ma yau sai na ɗauki Bamako. Muka gangara wajen babbar kasuwa, ta gefen ginin nan mai launin hoda da ake kira Marché Rose, wanda gobara ta cinye a 1993 aka sake gina shi. Ga wata mata zaune bayan tulin banda, hasken yamma ya sauka a gefen fuskarta, hayaƙin mai gasa masara yana wucewa ta bayanta. Na zaro waya a hankali, na yi kamar ina duba saƙo, na danna.

Ta gan ni. Ta ɗaga faifai ta kare fuska, sannan ta sauke shi ta buɗe mini wuta. Ban ji kalma ɗaya ba, amma ba na bukatar tafinta. Maƙwabtanta suka taso, masu wucewa suka tsaya. Ɗan rakiyata yana ba da haƙuri da hannu biyu, yana ce mini ƙasa-ƙasa, "Goge, Yaya, goge ta gani." Na goge a gabanta. Na ce me take cewa? Ya ce, "Ta ce ita kifi ta kasa, ba fuskarta ba. Kuma wai ko gaisuwa ba a koya maka ba a garinku." Ta ƙarshen ce ta fi yi mini ciwo, don gaskiya ce. Na sayi banda ta sefa 2,000 wadda ba na bukata, na ce "i ni ce", wato na gode, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Muna tafe ina juya abin. Masu ɗaukar hoton titi na Turai a wancan zamanin, irin su Henri Cartier-Bresson na Faransa, farauta suke yi. Shi har baƙin tef yake naɗa wa ƙaramar kyamararsa Leica don kada ƙyallinta ya tona shi, ya ɗauka ya wuce ba ka sani ba. Sun yi aiki mai kyau, ban musa ba. Amma Malik ba maharbi ba ne, ɗan gayya ne. Kati ake aika masa. Ya san uban wannan, ya san wadda wancan yake nema, in ya shigo da walƙiyarsa yake sallama, kowa ya san ya iso. Mutanen hotunansa ba kama su aka yi ba, su suka miƙa kansu, shi ya sa suke kallonka ido cikin ido. Ni kuwa na zo gari kwana huɗu, ban san sunan matar ba, ina so in tafi da fuskarta Kano a aljihu.

Da yamma mai masaukinmu ya ji labari ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in zo ya kai ni wurin wanda zai ba ni abin da nake nema. Majalisar shayi ce a gindin wata bishiya, abin da mutanen Nijar ke kira fada, su kuma giran. Dattawa biyar, ɗan buta kan gawayi. Ya nuna wani siriri mai farin gemu da carbi a hannu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa.

"Sidibe!" in ji shi, da aka gaya masa jamuna. "Sidibe, Sidibe." Haka suke gaisuwa, a yi ta nanata sunan danginka.

Na ce, "Baba, an ce kun yi zamani da Malik."

Ya ce zamani kai. Su goma sha ɗaya ne a ƙungiyarsu, kowa na zuba kuɗi duk wata, na lemo da na hayar garmaho. Kwat ɗaya su uku suke karɓa-karɓa, shi ya sa ba a taɓa ɗaukar su ukun tare ba. Daga gida da riga 'yar shara yake fita, kayan gayu suna ƙunshe a gidan aboki, can ake sauyawa. 'Yan matan ma haka, zane a sama, guntuwar riga a ƙasa. Iyaye a gefe guda, gwamnati a gefe guda, don mulkin Modibo na gurguzu ne, yana son matasa a gonar gayya da fareti, ba a wurin rawar Turawa ba. Wajen 1967 'yan sintirin jam'iyya suka matsa, suna tare yara da dare kan guntun siket da matsattsen wando. Sai aka koma rufe ƙofa, a rage sauti, in an shiga ba fita sai asuba. Da sojoji suka kifar da Modibo a Nuwambar 1968, ya ce, su murnarsu ta farko ba ta siyasa ba ce. Ya yi shiru kaɗan, ya ce daga baya dai sun ga abin da suka gani a hannun Musa Tarawore, shekara ashirin da biyu da 'yan kai.

"Ran Litinin kuwa, Sidibe, duk wanda ka nema yana ƙofar Malik. Wanda ba shi da ko dala ma yana zuwa, ya ga dai ya fito."

Ya aiki jikansa cikin gida. Yaron ya dawo da wani tsohon littafin addu'o'i, daga tsakiyarsa Baba ya zaro hoto, gefensa ya yi laushi kamar tsumma. Samari biyar sun jeru jikin katanga, kowa ya karkace ta inda yake ganin ya fi kyau. Ya bi su da farce. Wannan ya rasu a Abijan. Wannan Faransa ta cinye shi, ko wasiƙa. Wannan ya yi limancin unguwarsu shekara goma sha, shi ma ya riga mu. Wannan gashi nan, ya nuna wani mai hura gawayi da ba shi da haƙori ko ɗaya, majalisa ta kwashe da dariya. "Mai dogon wuyan nan da kwat, ni ne. Ranar layina ne." Aka kira magariba, ya mayar da hoton cikin littafin, ya miƙe yana neman butarsa.

Lahadi na yi ta da ƙafa. Na fara da Bamako-Kura, unguwar Saidu Keita, wanda ya riga Malik. Ɗan kafinta ne, kawunsa ya kawo masa kyamara daga Senigal a 1935, a 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu, kusa da babban kurkuku, ba nisa da tashar jirgin Dakar. Shi ba ya yawo, titi ne ke shigowa wurinsa. Da hasken rana yake aiki, labulensa na farko mayafin gadonsa ne, kuma yana da kayan aro: rediyo, agogo, alƙalami, kwat, Vespa, har mota, wanda ba shi da su ya riƙe na minti biyar ya tafi da shaida. Farkon shekarun 1960 gwamnati ta ɗauke shi aiki, wurin ya rufe. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York an rubuta mai ɗauka ba a san shi ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya biyo sawu da kwafinsu har Bamako, aka kai shi wurin mai gyaran kyamara na Bagadaji, Malik ya duba sau ɗaya ya ce aikin Keita ne, gidansa na can. Suka tarar da tsoho da dubban dodannin hotonsa a adane. Ya rasu a Faris a 2001, bayansa aka yi ta jayayya kan wa ke da iko da su, don hoton da aka wanke wa mai shi kan 'yan sulalla ya koma ana buga shi ƙato ana sayarwa dubban daloli. Ban shiga ko'ina ba, na dai tsaya a titin na kalli masu kai wa fursunoni abinci.

Daga nan gidan tarihi na ƙasa, a gindin Kuluba. Na taki sa'a ana bikin masu hoton Afirka da ake yi a Bamako duk shekara biyu tun 1994, wannan ne karo na 11. Aikin 'yan zamani ne, wasu sun burge ni, da yawa sun fi ƙarfin kaina. A wannan watan kuma ana can ana nuna hotunan Malik a wani babban zaure na Fondation Cartier a Faris. Na tuna Baba da littafin addu'arsa. Wataƙila dogon wuyansa na rataye a can, Turawa na biyan kuɗi su gani.

La'asar sakaliya muka isa Sotuba, gabashin gari, inda kogi ke ratsa duwatsu. Akwai tsohuwar hanya ta zamanin Faransawa da aka shimfiɗa ƙasa-ƙasa kan dutse, ruwa na shanye ta in kogi ya cika, ga kuma sabuwar gada da 'yan Sin suka gina aka buɗe a 2011 ta yi mata rumfa. Nan samarin Malik ke zuwa ran Lahadi su huce gajiyar daren Asabar, shi kuma yana biye da su. A nan bakin kogin ya ɗauki hoton nan na 1976, yaro da yarinya sun ja daga, kowa da dutse a hannu ya ɗaga, wasa ne amma ba wanda ya yarda ya fara saukewa. Yanzu mata ne ke wanki suna shanya kan duwatsu, masu yashi na turo kwalekwale da gora, wani Bafulatani na shayar da shanu. Wayata tana aljihu, na yi rantsuwa ba za ta fito ba.

Wasu samari huɗu masu wanke babura ne suka karya mini rantsuwar. Na yi musu sallama, na zauna kusa, muka yi ta hira ta bakin ɗan rakiyata, Kano ina ne, da gaske ne 'yan Najeriya duk masu kuɗi ne. Can sai ɗaya ya ce "foto, foto!" Kafin in tashi sun jera baburan, wannan ya haye ya kwanta kan tanki, wancan ya aro tabarau, na uku ya cire riga ya murɗe dantse, ƙaraminsu ya ruga ya wanke ƙafa. Na ɗauka sau shida, ba su yarda da ko ɗaya ba sai na bakwai. Aka ba ni lamba in tura ta WhatsApp, aka tsaya a kaina har sai da ta shiga.

Ran Talata an gama ɗaure diloli, na ce zan je karɓo hotona. Yaya ya ce bari ya raka ni, wai yana da wanda zai gani ta wajen. Ba wanda ya gani. Ya shiga ɗakin yana taɓe baki, ya dubi kyamarori, ya zo kan kwalayen nan masu shekaru ya tsaya. Na ga ya daɗe. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Ka tuna majigin nan namu?" Na ce na tuna. Bai ƙara ba. Da za mu fita sai ya tambayi nawa ake ɗauka, ya gyara babbar rigarsa, ya zauna a kujerar, ya bari aka kama masa haɓa.

Da muka dawo Kano na kai wa Inna nawa. Ta karɓa, kafin ta dubi fuskar sai ta juya bayansa tana neman hatimi, yadda aka saba da. Ta ce na zauna kamar mai jiran hukunci. Sannan ta aiki jikarta ta sauko da wata kwalla daga saman jere, ta fitar da tsofaffin zannuwa, a can ƙasa ga hotuna uku a ƙunshe cikin leda, kowanne da hatimin Kawu a baya, shuɗin tawadar ya koɗe. Ɗaya ita ce da amarci. Ɗaya mahaifinmu ne da abokinsa. Na ukun wata budurwa ce tsaye ta dafa keke a ƙofar wani gida, bayanta ana hango mai tallan rake da rabin wata motar haya.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa. Ta ce ƙawarta ce, gidansu na bayan masallaci, tare aka sa su a lalle, mahaifinta ɗinkin hula yake yi. Sunan ne ya ƙi zuwa.

"Bar shi nan kusa da ni," in ji ta. "Zai faɗo mini."